"Ba Shiga": Yadda Reddit Ya Rufe Wa Injinan Bincike Ƙofa, Da Darasin Da Ke Ciki Gare Mu A Sharafiyya

A bidiyon da ya gabata mun taɓo maganar injinan bincike a gurguje, sai tambayoyi suka yi ta shigowa: me ya sa wani lokaci sai ka nemi abu a Google ka samu, ka koma Bing ko DuckDuckGo ka rasa? Na yi alƙawarin zan zauna in rubuta amsar a tsanake, saboda maganar ta fi ƙarfin bidiyon minti goma. To ga shi. Ku gyara zama, don akwai ɗan tsawo.

Abin da ya faru a ofishin kago

Bari in fara da wani abu da ya faru a idona, nan Sharafiyya, wajen ƙarshen watan Yulin 2024. Akwai wani ƙanen abokina da ke aiki a wani ofishin kago, irin masu tura kaya Kano da Yamai. Wayarsa ta yi sabuntawa da daddare, da gari ya waye sai ga wani siririn koren layi ya tsaga sikirin ɗin daga sama har ƙasa. Ya je kasuwar wayoyi ta Titin Falasɗinu, aka faɗa masa kuɗin canza sikirin, ya ji kamar ya zauna a ƙasa, don kuɗin ya kusa rabin albashinsa. Sai ya dawo ofis ya buɗe kwamfutar aiki ya shiga neman ko akwai wanda irin haka ta taɓa samu.

Da na biya ta wajen bayan Isha'i, sai ya tare ni: "Yaya, don Allah zo ka gani. Tun la'asar nake bincike, ba abin da nake samu sai shafukan talla, kowa na cewa in sauke manhajarsa."

Na duba, ashe burauzar Edge yake amfani da ita, wadda ke zuwa da Bing kai tsaye. Sai na ciro wayata, na rubuta matsalar a Google, na ƙara kalmar reddit a ƙarshe, kamar yadda da yawanmu muka saba. Nan take ga zance ya fito, wanda aka buɗe kwana uku da suka wuce, mutane daga Indiya da Malesiya da Masar duk suna kuka da koren layin nan, wasu kuma suna bayanin yadda suka kai wa cibiyar gyara ta kamfanin aka canza musu sikirin ba tare da sun biya ba. Ya bi shawarar, kuma Allah Ya taimake shi aka yi masa gyaran.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne: kwamfutarsa da wayata intanet ɗaya suke kai, tambaya ɗaya muka yi, amma ni na ga amsa shi bai gani ba. Ba wai bai iya bincike ba ne. An rufe wa injin da yake amfani da shi ƙofa ne, shi kuma bai sani ba.

Yadda injin bincike yake aiki, a taƙaice

Mutane da yawa suna zaton idan ka rubuta tambaya a Google, a lokacin ne yake zagaya intanet ya nemo maka amsa. Ba haka ba ne. Aikin an riga an yi shi tun kafin ka tambaya.

Kowane injin bincike yana da wata 'yar manhaja da ke yawo dare da rana daga shafi zuwa shafi, tana bin mahaɗai kamar yadda gizo-gizo ke bin zarensa. Mu kira ta ɗan gizo. Na Google sunansa Googlebot, na Microsoft kuma Bingbot. Duk shafin da ɗan gizon ya shiga, sai ya kwafi abin da ke ciki ya kai gida, a zuba a wani makeken kundi. Idan ka yi tambaya, cikin wannan kundin ake dubawa a jero maka sakamako. Ke nan duk shafin da ɗan gizo bai shiga ba, ba ya cikin kundi, kuma abin da ba ya cikin kundi, a wajen mai bincike tamkar ba a taɓa rubuta shi ba.

To ta yaya mai shafi zai ce wa ɗan gizo kada ya shigo? A nan ne wani ɗan ƙaramin fayil mai suna robots.txt ya shigo. Wani injiniya ɗan ƙasar Holan, Martijn Koster, shi ya kawo tsarin a 1994, kuma sai a 2022 aka mai da shi ƙa'ida a rubuce mai lamba RFC 9309. Fayil ne na rubutu zalla, ana ajiye shi a bakin ƙofar shafi, kowa na iya buɗe shi ya karanta.

Duk wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Maraɗi ya san rubutun nan da ake yi da gawayi ko fenti a jikin zaure: "Ba shiga, gidan matan aure ne." To robots.txt shi ne wannan rubutun. Ba kwaɗo ba ne, ba kuma ƙyaure ba ne. Mai kunya idan ya gani sai ya tsaya a waje ya yi sallama. Ɓarawo kuwa ko kallon rubutun ba zai yi ba, katanga zai haura. Shekara talatin intanet tana tafiya a kan wannan kunyar: manyan injinan bincike suna mutunta rubutun, masu shafuka kuma suna barin ƙofa a buɗe saboda injinan suna turo musu baƙi.

Ranar da Reddit ya rubuta "Ba shiga"

Ga wanda bai san shi ba, Reddit dandalin tattaunawa ne da Steve Huffman da Alexis Ohanian suka kafa a Amurka a 2005. An kasa shi zaure-zaure, kowane zaure da abin da ake tattaunawa a ciki: wayoyi, gyaran mota, shirye-shiryen kwamfuta, ƙwallo, neman biza, har da zauren Jidda da na Najeriya. Darajarsa ita ce mutane ne na gaske ke magana, wanda ya sayi abu ya yi amfani da shi ya zo yana faɗin gaskiyar abin da ya gani. Shi ya sa masu bincike suka koyi ƙara kalmar reddit a ƙarshen tambaya, don su tsallake shafukan da aka rubuta domin talla kawai.

A ranar 25 ga Yunin 2024 kamfanin ya sanar cewa zai sauya fayil ɗinsa na robots.txt. Da sabon ya fito, sai aka ga ainihin umarnin layi biyu ne:

User-agent: *
Disallow: /

Tauraron da ke layin farko yana nufin kowane ɗan gizo, ko na wane ne. Karkatacciyar sandar da ke layi na biyu kuma tana nufin gidan gaba ɗaya. Wato kowa da kowa, ba shiga ko'ina.

A ranar 24 ga Yuli, kafar labaran fasaha ta 404 Media ta bayyana abin da hakan ya haifar. A lokacin, idan ka je Bing, ko DuckDuckGo, ko Mojeek na Ingila, ko Qwant na Faransa, ka nemi abin da aka rubuta a Reddit cikin makon da ya wuce, ko dai ka samu wayam, ko ka ga 'yan mahaɗai marasa bayani. Tsofaffin shafukan da aka riga aka kwashe suna nan a kundi, sababbi ne ba sa shiga. DuckDuckGo ya faɗa ciki ne saboda yawancin sakamakonsa daga Bing yake samowa. Microsoft ya tabbatar da cewa Bing ya daina shiga Reddit tun bayan sauyin da aka yi ranar 1 ga Yuli, saboda yana mutunta robots.txt. Shugaban Mojeek, Colin Hayhurst, ya ce sun yi ta aika wa Reddit saƙo don a fahimci juna, ba a ba su amsa ba.

Google kuwa? Sakamakon Reddit ya ci gaba da fitowa a cikinsa kamar ba abin da ya faru.

Ku bi sawun kuɗin

Don a gane dalili sai an ɗan koma baya. A watan Fabrairun 2024, kamfanin dillancin labarai na Reuters ya ruwaito cewa Google da Reddit sun ƙulla yarjejeniya ta kimanin dala miliyan 60 a shekara. A kuɗin nan ƙasar, riyal miliyan 225 ke nan duk shekara. Yarjejeniyar ta ba Google damar ɗibar rubuce-rubucen Reddit kai tsaye, har da amfani da su wajen horar da manhajojinsa na ƙirƙirarriyar basira. A takardun da Reddit ya gabatar kafin ya shiga kasuwar hannun jari ta New York a watan Maris na shekarar, ya ce ya ƙulla cinikin sayar da izinin amfani da bayanai da jimillarsu ta kai dala miliyan 203. A watan Mayu kuma ya sanar da wata yarjejeniyar da OpenAI, masu ChatGPT.

Reddit ya musanta cewa rufe ƙofar na da alaƙa da cinikinsa da Google. Bayanin da kakakinsa ya yi shi ne sun tattauna da injinan bincike da dama, amma wasu sun kasa ko sun ƙi yin alƙawarin da za a iya riƙe su da shi kan yadda za su yi amfani da rubutun, musamman wajen horar da ƙirƙirarriyar basira. Shi ma Steve Huffman, a hirarsa da The Verge, ya ambaci Microsoft da Anthropic da Perplexity a cikin waɗanda ya ce suna ɗibar bayanai ba tare da yarjejeniya ba.

Gaskiya akwai abin dubawa a hujjarsu. Tsohon cinikin intanet shi ne: ka bar ɗan gizona ya shigo, ni kuma in turo maka baƙi, ka samu kuɗin talla. Amma manhajar ƙirƙirarriyar basira tana karanta shafin ne ta ba mutum amsa a wajenta, mutumin ba ya ma ƙarasawa shafin. An sha romon, an bar wa mai gida ƙashi. Wanda ke biyan kuɗin sabobi da ma'aikata dole ya ji zafin haka.

Amma ko ma mene ne niyyarsu, sakamakon a fili yake: injin da ya biya yana gani, wanda bai biya ba ya makance. Kuma wannan ya zo ne a lokacin da Google ke riƙe da kusan kashi 90 cikin ɗari na binciken duniya. Kwanaki kaɗan bayan labarin, ranar 5 ga Agustan 2024, wani alƙalin tarayya a Amurka, Amit Mehta, ya yanke hukuncin cewa Google ya yi kaka-gida a harkar bincike ta hanyar da ta saɓa doka. A shari'ar ne aka ji cewa a 2022 kaɗai Google ya biya Apple dala biliyan 20 don ya zama injin da ke fitowa kai tsaye a burauzar Safari. Yanzu ka ɗauka kai matashi ne a Zariya ko Jidda da ke mafarkin gina sabon injin bincike. A da, abin da kake buƙata shi ne basira da sabobi. Yanzu sai ka tanadi miliyoyin daloli na kuɗin shiga kowane babban gida.

Ba a nan abin ya fara ba, ba kuma a nan ya tsaya ba. A 2023 Reddit ya sa kuɗi a kan hanyar da manhajojin waje ke bi su ɗauko bayanansa. Mai manhajar Apollo, Christian Selig, ya ce lissafin da aka yi masa ya kai dala miliyan 20 a shekara, dole ya rufe a ƙarshen Yunin shekarar, duk da cewa dubban zauruka sun rufe kansu daga ranar 12 ga Yuni don nuna fushi. A daidai wannan lokaci Twitter ma ya hana karanta saƙonni sai ka shiga da asusunka, Elon Musk ya ce masu kwasar bayanai ne suka yi yawa. A Yunin 2025 Reddit ya kai Anthropic kotu, a Oktoba kuma ya kai Perplexity da wasu kamfanoni uku, bisa zargin kwasar bayanai ba izini, zargin da Anthropic da Perplexity suka ƙi amincewa da shi. A Yulin 2025 Cloudflare, wanda ɗimbin shafukan duniya ke bi ta hannunsa, ya fara toshe 'yan gizon ƙirƙirarriyar basira kai tsaye ga sababbin abokan cinikinsa. A Agustan 2025 kuma Reddit ya taƙaita wa Wayback Machine, rumbun da ke adana tsofaffin shafukan intanet kyauta, ya bar masa shafin farko kawai.

Tambayar da ba a yi wa masu rubutun ba

Duk wannan rigimar tsakanin kamfanoni ake yi. To amma wa ya rubuta abin da ake sayarwa? Bawan Allahn nan na Malesiya da ya ɓata minti ashirin yana bayanin koren layi, ko kwabo ba a ba shi ba. Masu kula da zaurukan ma 'yan sa-kai ne. Mutum ya rubuta don ya taimaki wanda zai zo nema a bayansa, kuma ya rubuta a fili ne da zaton kowa zai gani. Rana ɗaya sai mai gida ya sauya layi biyu a fayil, taimakon nasa ya koma kayan sayarwa, kuma wanda zai gani ya danganta da injin da yake amfani da shi.

Sharuɗɗan nan da muke danna "na yarda" ba tare da mun karanta ba, su suka ba da wannan damar. A mafi yawan dandamali rubutunka naka ne a suna, amma ka ba kamfanin izinin ya yi amfani da shi, ya rarraba, ya ba wasu. Makullin yana hannun mai dandali.

Mu fa, ina namu ilimin yake?

Yanzu mu dawo gida, don a nan ne maganar ta fi damuna. Masu Turanci suna kuka an rufe musu ƙofa ɗaya. Mu masu Hausa, yawancin iliminmu na yau da kullum ba a taɓa ma ajiye shi a inda ɗan gizo zai gani ba.

Ɗauki Sharafiyya. Duk wanda ya zauna a nan ya san irin sanin da ke kan mutanenmu. Akwai wanda ya san matakan sabunta iƙama a Absher kamar tafin hannunsa. Akwai wanda zai gaya maka yadda ake neman izini a Nusuk ba tare da ka sha wahala ba, da wanda ya san wane layi ne tsakanin STC da Mobily da Zain ya fi kama sabis a wane lungu, da hajiyar da ta san yadda ake ɗaure kaya a awo don kada kuɗin kago ya cinye ribar. Ina duk wannan yake? Yana cikin guruf-guruf na WhatsApp, kuma mafi yawansa saƙon murya ne.

A wani guruf da nake ciki, wani dattijo da muke kira Kawu ya taɓa yin saƙon murya na kusan minti bakwai, ya warware yadda ake fitar da bizar fita da dawowa tun daga farko har ƙarshe, da kurakuran da ke sa a maido wa mutum buƙatarsa. Wallahi ko ofishin da ake biya ba zai yi bayani haka ba. Bayan wata huɗu wani sabon zuwa ya yi tambayar. Aka ce masa Kawu ya taɓa bayani, ya hau sama ya nema. Ya hau ina? Saƙonni sun fi dubu a tsakani, ba a iya binciken kalma a cikin murya, shi kuma bai ma shigo guruf ɗin ba lokacin da aka yi saƙon, don haka ba zai taɓa ganinsa ba. Waɗanda suke da shi, wasu sun canza waya, wasu sun goge don waje ya cika. Kawu kuma a lokacin ya tafi gida jinya. Haka yaron ya je ya biya wani ɗan tsakiya kuɗi a kan abin da zai iya yi da kansa a wayarsa.

Haka abin yake a rufaffun guruf na Facebook, da tashoshin Telegram, da bidiyon TikTok da ba a rubuta komai a ƙasansa ba sai alamar wuta guda uku. Ana zuba ilimi kullum, yana tsiyayewa kullum.

Kuma mun taɓa ganin irin wannan asarar. A farkon shekarun 2000, masana da marubuta, ciki har da Farfesa Abdalla Uba Adamu, sun yi ta muhawara a zaurukan Yahoo Groups irin su Finafinan Hausa da Marubuta, kan fim da adabi da al'ada, tun ba a san Facebook ba. A ƙarshen 2019 Yahoo ya sanar zai goge abubuwan da aka adana a zaurukansa, ranar 15 ga Disambar 2020 kuma ya rufe Yahoo Groups ɗungurungum. Wanda ya kwafi nasa ya tsira da shi. Ɗalibin da zai zo yau ya nema a mazauninsa na asali ba zai samu ba.

Akwai kuma wata illar da ba a cika lura da ita ba. Manhajojin fassara da na ƙirƙirarriyar basira daga rubutun da ke fili suke koyon harshe. Google Translate ya sa Hausa tun 2013, amma duk mun san yadda yake kwaɓa ta wani lokaci. Harshen da miliyoyin mutane ke magana da shi, idan rubutunsa na fili kaɗan ne, na'ura za ta ɗauke shi ƙaramin harshe. Sai ka tambayi manhaja abu da Hausa ta ba ka amsa kamar Baturen da ya yi wata uku a Sabon Gari.

Ba kowace ƙofa ce ya kamata a buɗe ba

Kada a fahimce ni a karkace. Ba cewa nake a kwashe komai a zuba a fili ba. A Fabrairun 2020 an gano cewa mahaɗan shiga guruf-guruf na WhatsApp masu ɗimbin yawa suna fitowa a binciken Google, saboda mutane sun liƙa su a shafukan fili. Baƙo na iya dannawa ya faɗo cikin guruf ya kwashi lambobin mutane. Sai da aka gyara aka hana injinan bincike jera su. A wannan wajen, "ba shiga" rahama ce.

Mu da ke zaune a ƙasar mutane mun fi kowa sanin haka. Guruf ɗin da ake maganar matsalar takardun wani, ko rikicinsa da kafil, ko rashin lafiyar iyalinsa, ba abin da ya haɗa shi da Google. Haka marubutanmu na littattafan intanet da ke rufe labaransu a guruf na kuɗi saboda masu satar fasaha, suna da hujja. Bambancinsu da Reddit shi ne, wadda ta rubuta ita ta rufe, kuma ita ke karɓar kuɗin.

Don haka ma'aunin mai sauƙi ne. Sirrin mutum a rufe shi. Amma bayanin yadda ake yin abu, wanda ba sunan kowa a ciki, wanda mutum ɗari za su sake tambaya a bana, wannan bai kamata ya mutu a cikin saƙon murya ba.

Abin da za ka iya yi daga yau

Na farko, gwada da kanka. Buɗe burauza ka rubuta sunan kowane shafi ka ƙara /robots.txt a ƙarshe, za ka ga wa aka bari wa aka hana. Sannan ka rubuta site:reddit.com tare da wata kalma a Google, ka sake rubutawa a Bing da DuckDuckGo, ka tace sakamakon zuwa na mako ɗaya, ka kwatanta. Waɗannan abubuwa suna sauyawa idan aka yi sabon ciniki, don haka abin da idonka ya gani a ranar shi ne hujja.

Na biyu, kada ka riƙe injin bincike ɗaya kamar addini. Idan ka nema ka rasa, ba lallai ne babu amsar ba. Canza injin, ko ka shiga dandalin kai tsaye ka yi amfani da akwatin bincikensa. Ga mazauna nan kuma, gwada tambayar da Larabci, don sau da yawa matsalar layi ko ta manhajar gwamnati an riga an warware ta da Larabci.

Na uku, idan ka ci karo da bayani mai amfani, adana shi a wajenka. Mahaɗi kaɗai ba ajiya ba ne, don gobe ana iya rufe shafin. Kwafi rubutun, ko ka mai da shafin PDF, ko ka ɗauki hoton sikirin.

Na huɗu, wanda ya fi muhimmanci: rubuta da Hausa a inda za a iya samu. Idan wani Kawu ya yi bayani mai kyau a guruf, nemi izininsa, ka zauna ka mai da shi rubutu, ka cire sunaye da lambobi, ka sa kwanan wata saboda dokoki suna canzawa, ka ɗora a buɗaɗɗen shafi. Blogger da WordPress duk suna ba da shafi kyauta. Idan abin na ilimi ne mai madogara, Wikipedia ta Hausa tana nan da dubun-dubatar maƙaloli, kuma lasisinta ya ba kowa damar kwafa, don haka ba wani kamfani da zai wayi gari ya kulle ta shi kaɗai. Idan kai mai bidiyo ne, daina barin ƙasan bidiyonka fayau. Rubuta take mai ma'ana, ka zayyana abin da ke ciki da kalmomin da mutum zai rubuta idan yana nema. Kuma ka ajiye kwafin duk abin da ka wallafa a kwamfutarka ko a wani faifan ajiya, saboda gidan haya ne kake ciki ko da ba ka biyan kuɗin haya.

Mu ma a wannan tasha mun ɗauki namu rabon. Dalilin da ya sa muke wahalar rubuta wannan shafi kusa da kowane bidiyo ke nan, duk da cewa masu kallo sun ninka masu karatu. Daga yanzu kuma, duk tambayar da muka ga ta maimaitu a sashen sharhi ko a guruf ɗinmu, za mu mai da amsarta rubutu a nan, da kwanan wata a samanta. Mun fara da bayanin Kawu. Ya dawo daga jinya, Alhamdu lillahi, mun zauna da shi a wani shagon shayi kusa da Titin Sittin ya sake warware mana matakan ɗaya bayan ɗaya, muna rubutawa yana gyara mana. Zai fito a mako mai zuwa in sha Allahu.

Ku gwada binciken da na faɗa a sama, ku rubuto mana a sashen sharhi abin da kuka gani a Bing da DuckDuckGo daga ƙasar da kuke, don mu haɗa mu kwatanta. Wanda kuma yake da wani saƙon murya mai amfani da yake tsoron ya ɓace, ya turo mana bayan ya nemi izinin mai shi, za mu taya shi rubutawa. Sai mun haɗu a bidiyo na gaba.